ƊAN KUNKURUN DA YA ƘI CIN ABINCI: DALILAI DA YADDA ZA A KULA DA SHI

A ƙauyukanmu na ƙasar Gaya da Ajingi ba abin mamaki ba ne a shiga gida a tarar da ɗan kunkuru a cikin tsohon baho ko kwali. Wani yaro ne ya tsinto shi a gona da damina, wani kuma saye aka yi a kasuwa. Da farko kowa murna yake yi, amma bayan mako biyu ko uku sai a ga dabbar ta daina cin abinci, ta shige cikin ƙoƙonta ta yi shiru, daga nan sai mutuwa. Yawancin irin wannan mutuwa ana iya hana ta ba tare da an kashe ko kwabo ba. Akwai kuma maganar lafiyar 'ya'yanmu da ke wasa da shi, wadda ta fi komai muhimmanci. Shi ya sa muka ware wannan shafi domin bayani.

DA FARI, A SAN KO WANE IRI NE

Kuskuren farko shi ne ɗaukar cewa duk mai ƙoƙo a baya abincinsu ɗaya. Iri uku ne aka fi gani a hannun mutane a Arewa.

1. Babban kunkurun Sahel. Ƙoƙonsa ruwan ƙasa ne mai haske kamar rairayi, ƙafafunsa na gaba suna da ɓawo mai kauri, yana kuma da 'yan ƙayoyi a bayan cinyoyinsa. Masana suna kiransa sulkata. Asalinsa yankin da ya taso daga Sanagal, ya bi ta Mali, Nijar, arewacin Nijeriya da Chadi har zuwa Sudan da Eritiriya. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Ɗan da aka ƙyanƙyashe bai wuce kwalin ashana ba, amma babban namiji yakan haura kilo 50. Abincinsa ciyawa ne.

2. Ƙaramin kunkuru mai rufe baya. Idan ya girma, bayan ƙoƙonsa yana da gaɓa kamar ta ƙofa, yana saukar da ita ya rufe ƙafafunsa na baya. Ba ya girma sosai. Yana son wuri mai laima da inuwa. Ban da ganye, yana cin tana, katantanwa, ƙwari da laimar kwaɗi.

3. Kififiya, wato ta ruwa. Ƙoƙonta a baje yake, akwai fata tsakanin yatsunta, kuma irin da ake samu a kududdufi da fadama tana lanƙwasa wuyanta gefe guda idan za ta ɓuya. Abincinta tana, talibambam, ƙananan kifaye da ƙwari. A cikin ruwa take haɗiye abinci. Wanda ya ajiye kififiya a busasshen kwali yana zuba mata ganye zai ce ba ta da marmarin ci, alhali kuwa yunwa ce take kashe ta.

Sauran bayanin zai fi karkata ga iri na farko, domin shi aka fi riƙewa a gida.

DALILAN DA KE SA YA ƘI CI

Na ɗaya, sanyi. Wannan shi ne babba. Jikin kunkuru ba ya samar da ɗumi da kansa kamar na akuya ko kaza. Daga rana da ƙasa yake samun zafi, kuma cikinsa ba ya narkar da abinci sai jikin ya yi ɗumi. Yakan ci sosai idan zafin wurin yana tsakanin digiri 27 zuwa 33. Idan ya sauka ƙasa da 20, sai ci ya ragu ko ya tsaya gaba ɗaya. A ƙasar Kano kuwa, daren Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15. A daji kunkuru yana da rami mai zurfi inda sanyin dare ba ya kai masa sosai. A cikin baho a kan siminti ba shi da mafaka ko kaɗan. Don haka idan ɗan kunkuru ya daina ci da hunturu, a fara zargin sanyi kafin a zargi cuta.

Na biyu, zafi mai tsanani. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40. A wannan lokaci kunkurun daji yakan shige rami ya rage motsi har ruwa ya sauka. Ɗan ƙaramin da aka bari a bahon ƙarfe ko na roba a tsakiyar rana zai iya mutuwa cikin ɗan lokaci, domin ba shi da inda zai gudu.

Na uku, ƙishirwa. Mutane da yawa suna cewa kunkuru ba ya shan ruwa tunda dabbar hamada ce. Ba haka ba ne. Babba yana jure rashin ruwa, amma ƙarami jikinsa yana bushewa da sauri. A daji 'ya'yan sukan fito ne a kusa da damina, lokacin da ƙasa take da laima, ciyawa kuma tana da taushi. Alamun ƙishirwa su ne idanu su faɗa ciki, fata ta bushe, a ɗaga shi a ji ba nauyi. A duba farin abin da yake fitarwa tare da fitsari: idan yana da laushi kamar kindirmo, lafiya lau, idan yana da tsakuwa-tsakuwa kamar yashi, ruwa ya yi masa kaɗan.

Na huɗu, tsoro. Sabon wuri, hayaniya, da yaran da ke ɗaga shi sau ashirin a yini suna hana shi sakewa. Wanda aka kawo sabo yakan yi kwana 3 zuwa 7 bai taɓa abinci ba. Haka kuma idan aka ɗaga shi ya tsorata, yakan zubar da ruwan da ya tara a mafitsara, sai ƙishirwa ta ƙaru. Wanda bai daɗe da fita daga ƙwai ba, mai ɗan kumburi mai taushi a tsakiyar cikinsa, shi ma ba ya ci a kwanakin farko, domin yana rayuwa ne da ragowar gwaiduwa.

Na biyar, abincin da ba nasa ba. Tuwo, shinkafa, burodi, dusa, fura, madara da nama duk ba abincin babban kunkuru ba ne. Cikinsa an yi shi ne domin ciyawa mai hartsa-hartsa. Abinci mai sitaci ko zaƙi yana kumbura masa ciki ya sa shi zawo. Nama da wake kuwa suna wahalar da ƙodarsa, suna kuma cikin abubuwan da ke sa ƙoƙo ya taso tudu-tudu maimakon ya yi sumul.

Na shida, rashin hasken rana. Kunkurun da aka kulle a ɗaki dare da rana ba ya samun hasken da jikinsa ke bukata domin ya yi amfani da sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. Ƙoƙon sai ya yi laushi, muƙamuƙi ma ya yi laushi har ya kasa yanke ganye. Hasken da ya ratso ta gilashin taga ba ya wannan aiki.

Na bakwai, cuta. Mura da ciwon huhu, tsutsar ciki, gyambon baki, kaska, ko toshewar hanji saboda ya haɗiye leda, zare ko yashi mai yawa.

ABIN DA ZA A YI, MATAKI-MATAKI

1. A gyara masa wurin zama. A fitar da shi daga baho. A kewaye wani lungu na gida da bulo ko tubali, kamar taku uku a kan taku uku, tsayin katangar ya kai yadda ba zai hau ba. Ƙasa ta zama ƙasa ce ta gaske, ba siminti ba. A zaɓi inda hantsi yake sauka da safe amma akwai inuwa da rana tsaka. A kifa masa rabin fasasshiyar tukunya ta zama ɗakinsa, a riƙa yayyafa ɗan ruwa a ƙasan da ke ƙarƙashinta don ta yi laima, ba caɓi ba. A rufe saman da ragar waya, saboda shaho, hankaka, kare, alade da gafiya duk suna cin ƙaramin kunkuru. A lura da kwarkwasa da tururuwa.

2. A ba shi ɗumi. Da hunturu, idan rana ta faɗi a shigar da shi ɗaki a cikin kwali mai busasshiyar ciyawa. Idan sanyi ya yi yawa, a zuba ruwa mai ɗumi a kwalba, a naɗe ta da tsumma, a ajiye a gefe guda na kwalin yadda zai iya matsowa ko ya ja baya. Kada a ajiye shi kusa da kaskon wuta ko murhu, hayaƙi da zafin garwashi za su yi masa lahani. Da safe a jira rana ta ɗaga, iska ta yi ɗumi, sannan a fito da shi.

3. A jiƙa shi. Kowace safiya a zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi, a faranti mai faɗi. Zurfin ruwan kada ya wuce haɓarsa. A bar shi a ciki minti 15 zuwa 20, wani babba yana kallo. Zai tsoma kai ya sha, sau da yawa kuma zai yi kashi a ciki, abin da ke buɗe masa ciki. Kunkurun tudu bai iya iyo ba, ruwa mai zurfi zai nutsar da shi. A kuma bar masa ɗan kasko marar zurfi da ruwa mai tsabta a wurin zamansa kullum.

4. A ba shi abinci bayan ya sha hantsi. Kada a ba shi da sassafe jikinsa na sanyi. Bayan ya sha rana kamar awa ɗaya, an kuma jiƙa shi, a yanka ganye ƙanana-ƙanana a zuba a kan faffaɗan dutse ko tsingaro, ba a kan yashi ba. Sai kowa ya ja da baya. Kunkuru mai tsoro ba ya ci idan ana tsaye a kansa.

5. A ja hankalinsa da launi. Kunkuru yana ganin launi, ja da rawaya kuma suna jan hankalinsa. A ɗora furen kabewa, furen kuɓewa ko na rama a kan ganyen, ko a goga ɗan karas a yayyafa. Idan ya fara ci sai a riƙa rage karas ɗin.

6. A hana yara ɗaukarsa na mako biyu. Su kalla da ido kawai.

7. Kada a yi masa ɗura. Buɗe bakin ƙaramin kunkuru da ƙarfi yana iya karya masa muƙamuƙi, abinci kuma ya bi ta hanyar numfashi.

Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Idan sanyi, ƙishirwa ko tsoro ne dalili, yawanci kafin mako guda ya cika za a ga ya fara tsinkar ganye.

ABINCIN DA YA DACE

Mafi yawan abincinsa, kamar kashi 8 cikin 10, ya zama ciyawa: kiri-kiri, harkiya da sauran ciyawa mai taushi da awaki ke ci. Sauran kashin a cika da ganyen rama, lalo, kuɓewa, kabewa, dankalin Hausa da ɗan zogale. A riƙa cakuɗawa, kada a tsaya a kan iri ɗaya. Alayyaho da yakuwa a ba shi jefi-jefi kawai, domin suna da sinadarin da ke hana jiki cin moriyar kalsiyam. Latas ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, ba ya riƙe ciki. Mangwaro, ayaba, kankana da tumatir ba abincin kullum ba ne, ɗan ɗanɗano kawai ko a bari gaba ɗaya.

Da rani, idan ɗanyar ciyawa ta ƙare, a yanka busasshiya ƙanana, a jiƙa ta a ruwa ta yi laushi, a gauraya da ganyen lambu. Mai dabara yakan shuka gero ko dawa a tsohon kwano kusa da wurin wanke-wanke, ya riƙa yankar tsiron. Amma a nan a kula: tsiron dawa ƙarami yana da guba ga dabbobi, kamar yadda makiyaya suka sani, don haka gero ko kiri-kiri za a shuka, ba dawa ba.

Domin ƙarfin ƙoƙo, a tafasa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka shi ya yi laushi kamar gari. A yayyafa ɗan tsunkule a kan ganye sau 2 ko 3 a mako.

ABUBUWAN DA KE KASHE SHI

Kada a bari ya kai ga tumfafiya, zaƙami, zurma, tinya ko bini-da-zugu. Kada a yanko masa ciyawa daga gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa ko na ƙwari, ko daga bakin kwalta.

Ga wani gargaɗi na musamman ga masu kiwo. Maganin tsutsa da kaska mai suna ivermectin, wanda muke yi wa awaki da shanu allurarsa, guba ne ga kunkuru. Tun a shekarun 1980 likitocin dabbobi suka tabbatar cewa yana shanye masa jiki ya kashe shi ko da kaɗan aka ba shi. Kada a ba shi, kada a shafa masa. Idan an ga kaska, a cire ta a hankali da hantsaki. Haka nan kada a ba shi maganin mutane ko na kaji.

Wasu sukan huda gefen ƙoƙo su ɗaura igiya don kada ya ɓace. Ƙoƙon kunkuru ba kamar ƙwarya ba ne. Ƙashin bayansa da haƙarƙarinsa ne suka haɗe suka zama ƙoƙon, akwai jini da jijiyoyi a ciki, yana jin zafi. Hujin yakan zama ƙofar cuta. Shafa masa fenti ko mai shi ma ba shi da amfani, lahani ne.

YAUSHE ZA A NEMI LIKITAN DABBOBI

A kai shi ofishin kula da lafiyar dabbobi mafi kusa idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- ya wuce kwana 10 bai ci ba duk da ɗumi da jiƙawa;
- kumfa ko majina tana fita ta hanci, ko yana numfashi da baki a buɗe;
- idanu sun kumbura ko sun rufe;
- ƙoƙon yana lotsawa kamar kwali idan an danna a hankali, alhali ya wuce watannin farko;
- zawo, jini ko tsutsa a cikin kashi;
- yana jan ƙafafun baya, ko ya kasa ɗaga kai.

A tafi da ɗan kashinsa sabo a leda domin a duba. Don a san ko yana girma, a auna tsawon ƙoƙon da tsinke sau ɗaya a wata, a ajiye tsinken a gwada da na wata mai zuwa.

LAFIYAR 'YA'YANMU

Iyaye mata, wannan sashe naku ne musamman. Kunkuru da kififiya, har masu ƙoshin lafiya, sukan ɗauki ƙwayar cuta mai suna salmonela a cikin hanjinsu. Tana fita a kashi, ta manne a ƙoƙo, a ruwan wankansa da ƙasar wurin. Ita ba ta damun dabbar, amma idan ta shiga bakin yaro tana kawo zawo, zazzaɓi, amai da ciwon ciki. Ga jariri, tsoho ko mai raunin jiki, abin yakan yi tsanani har ya kai ga rasa rai. Saboda yawan yaran da suka kamu ta wannan hanya ne ƙasar Amurka ta hana sayar da 'yan kunkuru masu ƙoƙo ƙasa da inci 4 tun shekarar 1975.

Rigakafi ya fi magani. Don haka:

- duk wanda ya taɓa kunkuru ko wurinsa ya wanke hannu da sabulu da ruwa nan take;
- yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kada ya taɓa shi, kada kuma a bar kunkuru yana yawo inda jariri ke rarrafe;
- farantinsa da kaskonsa su zama nasa shi kaɗai, kada a wanke su tare da kwanukan abinci;
- ruwan da aka jiƙa shi a zubar nesa da rijiya, randa da madafa;
- kada a jefa kififiya cikin rijiya ko randa da sunan tana tsabtace ruwa, ɓata shi take yi.

Idan yaro ya fara zawo, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS nan da nan, a ci gaba da shayarwa da ciyarwa. Idan akwai zazzaɓi, jini a bayan gida, ko yaron ya galabaita, a garzaya asibiti, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya cewa akwai kunkuru a gidan.

KAFIN A ƊAUKO WANI

Babban kunkurun Sahel yana ƙarewa a daji. Gonaki sun cinye jeji, dabbobi sun yi yawa a wuraren kiwo, ga gobarar daji, ga masu kama shi don sayarwa. A shekarar 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa don ciniki, Nijeriya kuma ta kafa dokar kare irin waɗannan dabbobi tun 1985. A Sanagal har akwai wani wuri a garin Noflaye da ake kira ƙauyen kunkuru, inda ake kiwonsu domin kada irin ya ɓace.

A tuna kuma cewa riƙon kunkuru ba aikin shekara ɗaya ba ne. Yana iya haura shekara 70, wato zai iya ganin jikokin yaron da ya tsinto shi. Da yawa mun ji labarin Alagba, kunkurun fadar Soun na Ogbomoso, wanda ya mutu a watan Oktoba na 2019. Mutanen fadar sun ce shekararsa 344, ko da yake masana sun yi shakkar wannan lissafi. Idan ya girma yana haƙa rami mai zurfi, yana iya rushe gindin katanga ko rumbu, yana kuma cin ciyawa kamar ƙaramar tunkiya. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya nemi shawarar ma'aikatan gandun daji ko na gidan namun daji na Audu Bako da ke Kano. Kada a saki marar lafiya ko wanda ya daɗe a gida cikin jeji, domin zai iya kai wa na daji cuta. Wanda aka tsinta yau kuwa, lafiyarsa ƙalau, mafi alheri a mayar da shi daidai inda aka same shi.

Akwai masu ajiye kunkuru a gida da cewa yana tare mugun abu, akwai kuma masu sayensa don haɗa magani. Mu masu bi mun san wanda yake tsaron gidajenmu. Kunkuru halitta ce kamar sauran, shi ma tsaro yake nema a hannunmu. Littafin Farawa 2:15 ya nuna mana cewa kula da gonar Allah shi ne aikin farko da aka danƙa wa mutum, Karin Magana 12:10 kuma ta haɗa adalcin mutum da yadda yake lura da dabbarsa.

Muna roƙon pastoci, shugabannin zumuntar mata da malaman makarantar Lahadi su karanta wa jama'a wannan bayani, musamman sashen wanke hannu da gargaɗin ivermectin. Gidan da ke da ɗan kunkurun da ya daina ci, a fara tun gobe da safe: a fito da shi ya sha hantsi, a jiƙa shi a ruwa mai ɗumi, a yanka masa ciyawa mai taushi, a ba shi wuri ya huta. Ubangiji ya ba mu hikima da lafiya, mu da iyalanmu. Amin.